Ingila ko Faransa: yadda na ga ana koyar da lissafi da fiziks

Malama, kin tambaya jiya ko ina aka fi koyar da lissafi da fiziks a babbar sakandare, Ingila ko Faransa, ga yaron da ke son zama injiniya. Na taɓa zama a bayan aji a ƙasashen biyu, ba na koyarwa, kallo kawai nake, to ga abin da idona ya gane mini.

A Ingila yaro kan rubuta jarrabawar GCSE yana ɗan shekara 16, sannan ya shiga A-level, karatun share fagen jami'a na shekara biyu, galibi da darussa uku. Yana iya ɗaukar lissafi da ƙarin lissafi (darasi ne mai zaman kansa) da fiziks, ya yi bankwana da tarihi da adabi. A Faransa kuwa, tun gyaran tsarin sakandare na 2019, ɗalibi kan zaɓi darussa uku na ƙwarewa, awa 4 kowanne a mako, a ajin ƙarshe ya ajiye ɗaya, biyun su koma awa 6 kowanne. Fiziks da kemistiri darasi ɗaya ne a wurinsu, kuma falsafa da tarihi da harsunan waje biyu suna nan a wuyansa har Bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare.

Inda bambancin ya fito mini fili shi ne darasin kafasita, ƴar na'urar nan da ke tara wutar lantarki ta sake ta a hankali. A ajin Ingila malamin raba kaya ya yi: batir, wayoyi, mitar auna wuta, agogo. Yara bibbiyu, ɗaya na kallon agogo yana kiran lokaci, ɗaya na rubuta abin da mita ta nuna yayin da wutar ke raguwa. Suka ɗauki logaridim na lambobin, suka zana, layi ya fito a miƙe, daga gangarensa suka ciro amsa. Dokar raguwar wutar kanta an ba su ita a takardar ƙa'idoji, wadda har ɗakin jarrabawa ake shiga da ita. Irin wannan gwaji na dole ne, aƙalla 12 cikin shekara biyu, kuma a takardar sakamako ana nuna shi daban.

A ajin Faransa allo aka fara da shi. Malamar ta kira wata yarinya ta miƙa mata alli, ta ce ta fara daga dokar zagayen wuta. Layi bayan layi yarinyar ta bi har ta kai ga lissafin da ke haɗa ƙarfin wutar da saurin raguwarsa, ta warware shi da kalkulas, wato lissafin saurin canji, da ta koya a ajin lissafi. Da ta tsallake mataki ɗaya, sai malamar ta ce, "Me ya ba ki damar rubuta wannan?" Sai da ta koma. Su ma suna gwaji, har da jarrabawar aikin hannu ta awa ɗaya, amma alƙalami ne a gaba. Maki bisa 20 ake bayarwa, kuma amsa daidai ba tare da hujja a rubuce ba ba ta kai mutum ko'ina.

Ni dai, Malama, na Faransa ya fi burge ni wajen haɗa darussan biyu, don fiziks na A-level an tsara shi ne yadda wanda bai san kalkulas ba ma zai iya bi. Sai dai kada in yi wa Ingila rashin adalci: yaron da ya haɗa da ƙarin lissafi yana da lokacin da takwaransa ba shi da shi, kuma lissafin motsi da ƙarfi yana cikin manhajar lissafinsu dole tun 2017.

Idan Ingila ce, kada ya yarda ya ɗauki fiziks ba lissafi, yawancin jami'o'i ba sa karɓa a injiniyanci. Idan Faransa ce, ya riƙe lissafi da fiziks har ajin ƙarshe, ya ƙara da darasin zaɓi na lissafi mai zurfi, awa 3 a mako.