Saƙar tatin: da allura za ki fara ko da ƙoshiya?

'Yar'uwarmu ta Tudun Wada ta tambaya: ta iya kwarashi, yanzu tana son koyon tatin, wato leshin hannu da ake yi da ƙulle-ƙulle, amma ta ga wasu na yi da allura, wasu da 'yar ƙoshiya, ta rasa wanne za ta kama.

Da farko, 'yar'uwa, ki ajiye abin da kika sani na kwarashi a gefe. Shi kwarashi madauki ne cikin madauki, kina jan zare sai ya warware. Tatin kuwa ƙulli ne na gaske. Ƙulli ɗaya tak ake maimaitawa, mai rabi biyu, a jera shi a kan zaren tsakiya, a yi zobe ko sarƙa, a bar 'yan kunnuwa a tsakani domin ado da kuma haɗa zobe da zobe. A Turai aka yayata sana'ar a ƙarni na 19. Da allura da ƙoshiya duk wannan ƙullin suke yi, kuma tsarin ado ɗaya yakan yi wa kowacce.

Allura ta fi sauƙin shiga. Doguwa ce, bakinta ba kaifi, kaurinta ɗaya har idonta. A jikinta kike jera ƙullin, kina gani kina ƙirgawa, in kin yi kuskure ki zare shi kafin ki ja. Da yamma ɗaya mace za ta iya fitar da zobenta na farko. Matsalarta ita ce ƙullin a kan ƙarfe aka ɗaura shi, ƙarfen kuma ya fi zare kauri, don haka aikin yakan fito da ɗan sako-sako. Sannan kowane kaurin zare da allurarsa: mai lamba 5 ga zare lamba 10, mai lamba 7 ga zare lamba 20. Allurar ɗinki ba za ta yi ba, idonta ya fi jikinta faɗi, ƙullin zai maƙale.

Ƙoshiya kuwa a nan ake kai ruwa rana. 'Yar aba ce kamar kwalekwale, tsawonta wajen santimita 7, a cikinta ake naɗe zare. Kina zagaya zare a hannun hagu, ƙoshiya a dama, ki yi rabin ƙulli, sai ki saki yatsun hagu kaɗan, ki ja zaren ƙoshiya ya miƙe sar. Nan take ƙullin zai juya, ya zama zaren hagu ne ya ƙullu a kan zaren ƙoshiya. Wannan juyin shi ne sana'ar gaba ɗaya. Idan bai juya ba, zaren ƙoshiya ba zai zame ba, zoben ba zai rufu ba ko da kin ja har zaren ya tsinke. A nan yawancin masu koyo suke jefar da ita cikin durowa. Amma ranar da hannu ya gane, shi ke nan: ƙulli ya matse, zobe ya tsaya cak, kuma ƙoshiya ɗaya za ta ɗauki zare lamba 10 har zuwa siriri lamba 80. (Lambar na hawa, zaren na ƙara sirancewa.) Sai dai fa buɗe zoben da ya riga ya rufu aikin haƙuri ne da bakin fil.

Ni dai in ƙanwata ce, ƙoshiya zan ba ta. Abin da matan Kaduna za su biya kuɗi a kansa, bakin gyale, wuyan riga, 'yan kunne, hular jariri ta ranar suna, duk suna son aikin da zai sha wanki bai saki jiki ba. Wadda yatsunta ke ciwo, ko wadda marmari kawai take yi, ta ɗauki allura, ba laifi.

Ki fara da sarƙa, kada ki fara da zobe, da zare lamba 10 kala biyu: ja a ƙoshiya, fari a dunƙule, shi ne za ki zagaya a hannun hagu. Idan ƙullin ya fito fari, ya juya; idan ja ne, sake. Zaren ya zama na auduga mai santsi da murɗi sosai, ulu ba ya zamewa. Ki duba wajen masu kayan ɗinki a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi, ki haɗa da ƙaramin kwarashi na ƙarfe don haɗa kunnuwa. Ƙoshiyar, irin ta kamfanin Clover, sai dai ki yi oda ta intanet; kafin ta iso ki yanka tsohon katin roba siffar kwalekwale, ki tsaga bakinsa biyu, ki goge kaifin, ki naɗa zare. Lokacin hunturu kuma ki shafa man kaɗanya tun da wuri ya shige fata, domin kaushi yana kama zare, maiƙo kuma yana ɓata fari.