Tsohon Ɗanyen Shayin Pu'er: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Mai Saye?

Shayin pu'er ɗan lardin Yunnan ne da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, kuma tun 2008 ƙa'idar ƙasar ta tanadi cewa ba a kiran shayi da wannan suna sai an yi shi da ganyen bishiyar Yunnan mai faɗin ganye, an kuma shanya shi a rana. Akan matse shi ya zama faifai mai nauyin giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Nunannensa, wanda ake kira shou, an fara yin sa a Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973 ta hanyar jiƙa ganye a lulluɓe shi makonni don ya yi kama da tsoho. Yana da araha, amma ba shi ne abin nemanmu ba. Ɗanyen, wato sheng, shi ne wanda shekaru ke rage masa ɗaci da bauri a hankali, ruwansa ya tashi daga rawaya ya koma ja.

Sunaye huɗu ko biyar mai saye zai fi ji, galibinsu na ƙauyuka da duwatsun da ake tsinkar ganyen. Lao Banzhang yana da ƙarfi da ɗaci, kuma tsadarsa ta wuce hankali. Bingdao na yankin Lincang zaƙi ne da shi, sai dai tsofaffin bishiyoyinsa kaɗan ne. Jingmai, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, ya fi ƙamshi amma ruwansa ba kauri. Faifai mai lamba 7542 na masana'antar Menghai amintacce ne, amma haɗin ganyen gona ne.

Ni dai Yiwu na zaɓa. Garin yana gundumar Mengla kusa da iyakar Laos, kuma a zamanin daular Qing daga can ayarin dawaki da alfadarai ke ɗaukar shayi, har akan kai wani fadar sarki. Sana'ar ta durƙushe a tsakiyar ƙarni na 20, sai masu sha'awar shayi daga Taiwan suka taimaka ta farfaɗo a tsakiyar shekarun 1990. Ganyen tsofaffin bishiyoyin ƙauyuka irin su Mahei da Guafengzhai ba ya dukan harshe. A kofin farko mutum zai zaci ba shi da ƙarfi, amma bayan haɗiya sai zaƙi ya dawo a maƙogwaro ya daɗe. Idan ya shekara goma zuwa goma sha biyar a wuri mai matsakaicin danshi, kamar lardin Guangdong na Sin ko Malesiya, yakan yi ƙamshin zuma da busasshen icce. Sinawa kan dafa shi a ƙaramar buta da ganye mai yawa, su zubar da ruwan farko, sannan su riƙa tsiyayewa bayan daƙiƙoƙi kaɗan, kuma na kirki yana jure zubi goma ko fiye.

Sai dai kasuwar cike take da algus, kuma nan ne ya kamata a buɗe ido. Kalmar gushu, wadda ake nufi da bishiyar da ta haura shekara ɗari, kowa na iya buga ta a takarda. Lao Banzhang ƙauye ɗaya ne, amma shayin da ke ɗauke da sunansa ya ninka abin da ƙauyen ke iya tsinka, kuma Yiwu ma bai tsira ba. Ana buga takardar naɗi ta jabu, ana shafa mata tabo don ta yi kamar ta tsufa, har 'yar takardar da ake mannawa cikin ganyen ana kwaikwaya. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayar mini da faifan da ya rantse ya shekara ashirin, ashe a ɗaki mai laima aka turara shi. Warin fumfuna ya cika buta, maƙogwaro ya shaƙe. Tun daga nan ajiya nake fara tambaya kafin dutsen da aka tsinke shi da shekararsa: a wane gari aka ajiye shi, kuma a hannun wa?

Kada a sayi faifai guda sai an ɗanɗana samfuri na 'yan giram. A duba ruwan a kofi mai haske, domin na gaskiya garau yake ko da ya yi duhu. A murza ganyen da aka gama dafawa: idan ya yi laushi yana naɗewa, lafiya; idan ya yi baƙi yana marmashewa ko yana dagargajewa, an jiƙa shi ne ko an gauraya shi da nunanne. Tsohon gushu mai araha kuwa babu shi.

Wanda zai kawo shi ƙasar Hausa ya sani cewa bushewar hunturu tana kashe masa ƙamshi, kuma ganyen yana zuƙar duk warin da ke kusa. A sa shi cikin tulu mai murfi ko jaka mai rufewa, nesa da madafi da turaren wuta.