Zama a gefen Kano ta hanyar Zariya: abin da na samu da abin da ya ci mini

Abokan kasuwa a Kantin Kwari, waɗanda kuɗin haya ya ishe su a cikin birni, suna yawan tambayata ko su ma su tattara su koma irin unguwarmu. Amsar tsaye a bakin shago ba ta wadatarwa, shi ya sa na ga gara in rubuta a tsanake. Ina zaune da iyalina a wata sabuwar unguwa tsakanin Kwanar Dawaki da Tamburawa, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Kullum da safe ina shiga Kano, da dare in dawo. Yawancin maƙwabtana haka suke: ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, 'yan kasuwa, duk neman abincinsu yana birni, kwana kawai ke dawo da su.

Shirun gaskiya ne, ba tallar dillalai ba ce. Bayan sallar isha'i in ka fito ƙofar gida, abin da za ka ji bai wuce kukan kwaɗi in damina ce ba, da gurnanin manyan motoci can nesa a kan titi. Babu janareton maƙwabci a jikin tagarka, babu warin kwata, babu mai kiɗan biki da zai toshe muku layi. Gidan yana da tsakar gida ta sosai, har uwargida ta samu inda ta shuka zogale da yakuwa, ta ajiye kaji. Wanda ya taso a lungun da sai an karkace ake fito da babur ya san darajar wannan. Kuɗin hayar da nake biya kuwa ko ɗaki ciki da falo ba zai kama mini a Gyaɗi-Gyaɗi ko Zoo Road ba.

To amma lissafin bai tsaya a kan haya ba, kuma nan ne nake so mai niyyar tasowa ya tsaya ya yi tunani. Da na tare, litar man fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mutumin da ke cikin gari ya ji a jikinsa, amma mu da titi ne rayuwarmu mun fi shi ji. Motoci da yawa a unguwarmu tun lokacin aka lulluɓe su da tamfol, masu su suka koma bin bas. Tafiyata kashi uku ce: acaɓa daga gida zuwa bakin titi (a nan har yanzu 'yan acaɓa suna aiki), sai bas ko tasi zuwa cikin gari, sai A Daidaita Sahu ta ƙarasa da ni kasuwa. In ka tara wannan zuwa da dawowa har ƙarshen wata, mafi yawan rarar da ka samu a haya direbobi ka miƙa wa. Ban ce babu riba ba. Akwai, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Titin kansa, tun da aka sake gina shi, ba shi da laifi. Daga bakin titinmu zuwa Ɗangwauro mota gudu take yi. Wahalar daga Na'ibawa take farawa, wajen 'Yan Lemo da 'Yan Katako, sai Unguwa Uku, sai gaban Asibitin Malam Aminu Kano, har ka dangana da Dangi. Wanda ya fita bayan asuba kai tsaye zai wuce salin alin. Wanda ya tsaya shan koko har rana ta ɗaga, shi da masu kai yara makaranta za su haɗu su yi ta jan ƙafa. Dawowa ta fi ciwo. Da magariba kowa gida yake nema, motocin Kura da na Zariya a cike suke zuwa, kwandasta kuma in ya ga mutane sun taru sai kuɗin mota ya tashi. Sau da yawa ina isowa yara sun yi barci, na fita kuma ba su tashi ba. Ranar Lahadi ce kaɗai nake ganinsu ido biyu da rana.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba a faɗa, alhali shi ne babba. Mu maza muna yabon shirun unguwa ne saboda da dare muke tarar da shi, bayan mun wuni cikin hayaniyar kasuwa. Wadda ta wuni a cikinsa dabam take ganinsa. Da ƙarfe tara na safe unguwar ta zama wayam, ƙofofi a rufe, tsakanin gida da gida akwai kango ko filin da ba a gina ba. Uwargida ta taso a gidan yawa a cikin badala, inda in ta leƙa ta katanga za ta samu mai ara mata turmi. A nan watannin farko waya ce abokiyar hirarta. Zumunci ma ya ja baya. Biki ko suna a cikin gari ya zama tafiya mai shiri, 'yan'uwa kuma da suka zo ganin gida suka yi mana Allah ya sanya alheri, sai suka ɗauke ƙafa. Yayata in ta kira ni cewa take, “Kai da ka koma ƙauye, wa zai iya zuwa?” Cikin raha take faɗa, amma ba ta zuwan.

Abin da ya sassauta mana shi ne shiga cikin mutanen gari. Unguwar tamu gona ce da, kuma masu gonar suna nan a tsohon gari, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Baƙi da yawa ba su san ko sunan mai unguwa ba, daga gida sai titi. Wani dattijo da nake tararwa a masallaci da asuba shi ya fara ja na. Wata rana bayan mun gaisa ya ce, “Malam, an yi rasuwa a gidan liman jiya, ban gan ka ba.” Na ce, “Wallahi Baba ban ji ba.” Ya ce, “Ai ba za ka ji ba, tunda ba ka zama.” Washegari kafin in fita na je na yi ta'aziyya. Daga nan matan gidansa suka fara aiko wa uwargida da kuɓewa da ɗanyar gyaɗa lokacin kaka, ita ma ta shiga Islamiyyar matan aure a can. Yanzu ta fi ni sanin garin nesa ba kusa ba.

Cefane yana da sauƙi, wannan kam sai godiya. Muna kusa da yankin noman rani na Kura da Kadawa, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo. Shinkafar gida daga injinan Kura, tumatir da albasa da masara a bakin titi wajen Karfi, duk suna zuwa mana kafin su shiga hannun 'yan kasuwar birni. Nono kuma Fulani har ƙofar gida suke kawowa.

Ruwa da wuta sai ka tanadi naka. Layinmu babu famfo. Akwai maƙwabcin da ya haƙa burtsatse yana sayarwa, 'yan garuwa su kai gida. Wuta tana zuwa tana tafiya, shi ya sa kusan kowane rufi akwai farantin sola. Akwai kuɗin 'yan sintiri duk wata, kuma ban taɓa jin ƙyashin biya ba, domin gidan da ke wuni babu namiji, ga kangwaye kewaye, yana buƙatar mai sa ido. Rashin lafiyar dare ita ce abin tsoro. Kemis akwai, amma in abu ya yi tsanani sai an nemi mai mota a buga masa ƙofa a shiga gari. Makarantun firamare na kuɗi sun fara buɗewa, kuma Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda aka kafa a 1977, tana cikin ƙaramar hukumar ga yaron da ya ci jarrabawarta.

Wanda zai zo ganin gida ko fili, kada ya zo da rani. Ya zo a watan Agusta, washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Yawancin filayen nan awon igiya ne, mai gona da dillali suka yanka, ba a fitar da magudanar ruwa ba, wani layin ma da ƙyar mota ke shiga. Akwai gidajen da da rani za ka rantse sun fi namu, da damina kuwa sai an tuɓe takalmi ake isa ƙofarsu, ga sauro. In saye za ka yi, ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka tambayi magadan gonar ko duk sun amince, kafin ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami.

Bana mai gidan ya ƙara mini haya, ya ce unguwa ta cika. Bai yi ƙarya ba: gonar geron da ke bayanmu an kafa mata duwatsu, tifofin yashi daga kogin Challawa suna ta sauke kaya tun da sassafe. Na biya na wata shekarar. Uwargida ce ma ta ce mu zauna, ni da na so in duba ko za a samu wani abu wajen Na'ibawa don in rage kashi ɗaya cikin ukun tafiyar nan.