Sikit ko Sifotin: wanne ya fi wa gajeren mutum a harbin faifai?

Ƙanena, Sikit za ka fara. Sifotin ɗin da abokan karatunka suke zuga ka a kansa, bar shi tukuna, ba inda za shi. Ka ce tsayinka ƙafa biyar da inci biyu, kuma ƙungiyar harbin faifai ta jami'arku a Ingila tana zuwa filayen biyu. To, tsakanina da kai da wuya a sami inci guda, kuma na yi shekaru ina wannan wasa a can kafin in dawo Birnin Kebbi. Abin da idona ya gani kuma kafaɗata ta sha, shi zan gaya maka.

Saboda 'yan uwa na zauren nan da ba su san wasan ba: inji ne yake cilla wani ɗan faifai mai faɗin milimita 110 da nauyin giram 105, galibi ruwan lemo, maharbi kuma ya fasa shi a sama da bindiga mai baki biyu. Tun wajen 1880 wani Ba'amurke, George Ligowsky, ya ƙirƙiro faifan, wanda daga baya ya maye gurbin tantabaru masu rai da ake harbi.

Filin Sikit a rubuce yake, awonsa yana cikin littafin doka. Ɗakunan cilla faifai biyu ne suna kallon juna. Na hagu shi ne dogon ɗaki, faifansa yana fitowa daga taga mai tsayin mita 3.05. Na dama gajere ne, tagarsa mita 1.05. Matsayan maharba an jera su kamar rabin da'ira daga gindin wannan ɗaki zuwa gindin wancan, guda bakwai, a irin na gasar Olamfik kuma akwai na takwas a tsakiyar layin da ya haɗa ɗakunan biyu. Faifan dogon ɗaki da na gajeren ɗaki a wuri guda suke gittawa, kimanin mita 4.6 daga ƙasa, kullum ta Allah. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya, an share ta, babu shinge babu tudu babu itace tsakaninka da abin da za ka harba. In ka koya a filin harbi na Bisley da ke Ingila ka tafi Alƙahira ko Kuwait ka shiga filin da aka gina bisa wannan doka, ɗakunan nan da kusurwoyin nan za ka tarar.

Ka yi lissafi da kanka. Idonka yana wajen mita 1.46 daga ƙasa, na mutum mai ƙafa shida yana wajen 1.71. Bambancin santimita 25 ke nan. Faifan da yake gittawa a nisan mita 20, wannan bambanci bai kai digiri ɗaya ba a kusurwar kallo. Wato a buɗaɗɗen fili kai da dogo abu ɗaya kuke gani, a lokaci ɗaya. Har a irin na Olamfik, inda doka ta hana ka ɗora bindiga a kafaɗa sai faifai ya fito, alamar da ake ɗinkawa a jikin rigar maharbi don gindin bindiga ya zauna a kai, da gwiwar hannunsa ake auna ta. Jikinka ake bi, ba jikin wani ba.

Shi ya sa a wannan fanni ba a tambayar tsawo. A Basalona a 1992, lokacin da maza da mata suke harbi tare, wata 'yar ƙasar Sin, Zhang Shan, ta doke mazan duka ta ɗauki zinare. Kim Rhode ta Amurka ta ci lamba a gasar Olamfik shida a jere, daga 1996 zuwa 2016, ukun ƙarshe duk a Sikit. Mu ma a nahiyarmu Azmy Mehelba na Masar ya zama zakaran duniya a 2022.

Ni a filin Sikit na san daɗin wannan wasa, kuma wani dattijo mai gyaran bindiga ne sila. Ya gan ni ina harbi da bindigar aro ta ƙungiya, ina miƙa wuya ina jingina baya don in ɗauki nauyinta. Bai ce mini komai ba sai da na gama zagaye. Sannan ya ce in ɗora ta a kafaɗa in rufe ido, in buɗe. Ya sa yatsunsa tsakanin hancina da gindin babban yatsana na hannun da ke riƙe da kunama, yatsa huɗu suka shige da sarari. Ya ce biyu ya kamata su shiga. Daga baya shi ya nemo mini wata tsohuwa mai baki biyu, ɗaya kan ɗaya, mai bututu inci 28. Ya yanke gindinta fiye da inci guda, ya sa sabon roba mai laushi, ya cusa ɗan dalma a cikin katakon don kada nauyi ya rinjaya gaba, ya ɗaga inda kunci yake kwanciya da ɗan fata. Guntun katakon da ya yanke ya sa mini a leda, ya ce in adana, ranar da zan sayar za a nema. Da na tsaya da ita a matsayi na huɗu, wanda yake tsakiya kuma ya fi kowanne neman ka kai bakin bindiga gaban faifai, kusan mita guda, ina ɗagawa na ji kuncina ya faɗa wurinsa ba tare da na neme shi ba. Faifan ya tashi ƙura baƙa. Wallahi har yau in na tuna bindigar nan sai na yi wa dattijon nan fatan alheri. Da zan dawo gida sai da na tabbata wata yarinya gajeriya 'yar ƙungiyarmu ce ta saye ta.

Ba na ce Sikit sauƙi ne da shi ba. A matsayi na ɗaya faifai ta bisa kanka yake fitowa, ga na biyu-biyu da suke tashi tare daga ɗakunan biyu, sai ka kashe mai tafiya ka juyo ka tari mai zuwa. Zagaye guda faifai 25 ne, kuma za ka daɗe kafin ka fasa su duka. Amma wahalarsa ta kowa da kowa ce. In ka kuskure, ka san daga ƙafarka ne ko daga hannunka, gobe ka dawo ka tarar da faifan nan a hanyar nan ka gyara.

Sifotin kuwa kwaikwayon farauta ne, kuma ba shi da awo ɗaya. Ana bin jeji ko gona daga matsaya zuwa matsaya, sau da yawa faifai 100 a matsaya goma ko sha biyu, kowace da irin nata. Wani ya taso daga bayan shinge kamar yadda fakara take yi, wani ya zo ta saman itatuwa daga hasumiya, wani ya gangara a ƙasa yana tsalle, shi ake kira zomo. Akwai ƙanana masu milimita 90 da masu 60 waɗanda suke ruɗa ido a kan nisa. Yana da daɗi, ban hana shi nasa ba. Sai dai duk wannan tsari mutum guda ne yake yin sa, mai shirya fili, kuma da nasa idon yake dubawa. Ya tsaya a matsaya, ya ga faifai ya fito sarai, ya ce ya yi. Bai durƙusa ya duba abin da kai za ka gani ba.

Ga yadda abin yake cutar da mu. A ce shinge mai tsayin mita 2 yana gabanka da mita 5, faifai kuma yana tasowa a bayansa a nisan mita 30. Dogon nan zai hango shi da zarar ya kai tsayin mita 3.5. Kai sai ya kai wajen 4.7 sannan zai bayyana maka. Santimita 25 ɗin da ba su zama komai ba a buɗaɗɗen fili, a nan sun koma fiye da mita guda. Kafin ka gan shi ya ci wani yanki na tafiyarsa, shi dogo ya riga ya sa bindiga a hanya, kai yanzu kake nema. Sai ka yi gaggawa, ka harba baya. Abokai su ce maka ka natsu, alhali ba natsuwa ce ta yi ƙaranci ba.

Sai kejin da ake tsayawa a ciki. An yi shi ne don tsaro, don kada bakin bindiga ya juya wajen mutane, kuma wannan daidai ne. Amma katakon da aka gicciya a gabansa, in ya zo wa dogo a ƙugu, kai kusa da ƙirji yake zuwa maka. In faifan na ƙasa ne, ko filin ya gangara kwari, kana bin sa da bindiga sai ka ji bututu ya daki katako, tafiyar hannu ta tsaya cak. Zomo kuma ya fi duka ban haushi. Ciyawa ta ɗan yi tsawo ko an jera damin ingirici a gefen hanyarsa, dogo yana kallonsa daga sama, kai kana ganin ya ɓace ya ɓullo. Kuma matsayar da mutane suka yi ta takawa a lokacin ruwa takan zama rami, ta ƙara rage maka inci guda ko biyu a kan wanda ba ka da shi. In ka fara koyo a irin wannan wuri, ba za ka iya rabe kuskurenka da kuskuren fili ba, kuma nan ne mutane suke karaya su ce wasan ba nasu ba ne. In hannunka ya nuna a Sikit, ka je Sifotin, ka riƙa tsayawa a bayan masu harbi kana kallon inda faifai yake bayyana maka kai, kuma in matsaya ta toshe maka gani ka gaya wa alƙalin wurin tun kafin ka sa harsashi.

Akwai na uku, Tiraf, inda a irin na Olamfik injuna 15 suke cikin rami a gabanka da mita 15. Shi ma filinsa a share yake, amma bindigoginsa dogaye ne masu nauyi, bututu inci 30 zuwa 32. Na taɓa sayen irinta. Kaya ne mai kyau ga mai dogon hannu, ni dai ciwon baya ta bar mini.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba. Kada ka sayi bindiga. A Ingila doka ta yarda ka yi harbi a filin da 'yan sanda suka amince da shi ba tare da lasisi ba, da bindigar wurin. Mallaka kuwa sai da lasisi, da shaidar likita, da masu tsaya maka waɗanda suka san ka aƙalla shekara biyu, da akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango, abin da ɗakin kwanan ɗalibai ba zai yarda da shi ba. Ka nemi ƙungiya ta ba ka mai gajeren gindi, irin wadda ake ajiye wa matasa da mata, kada ka ji kunya. Yawancin bindigogin da ke kanti, daga kunama zuwa ƙarshen gindi inci 14 da rabi ne ko fiye, kai kuwa wajen 13 da rabi za ta fi zauna maka. Kamfanin bindigogi na Beretta ma suna da wata da suke kira Vittoria wadda aka yi wa gajeren gindi tun daga masana'anta.

In lokacin saye ya zo, ka yi hattara da mai kanti da zai ce maka «za ka saba da ita». Rigar da ba a auna ka ba, ba ka saba da ita, haƙuri kawai kake yi. Wani zai tura maka mai lamba 20, wadda bututunta ya fi na mai lamba 12 siranta, ya ce ita ce ta ƙananan mutane. Tana da rashin nauyi, gaskiya ne, amma rashin nauyin nan shi yake sa ta daki kafaɗa in harsashin bai ragu ba. Mai lamba 12 da harsashi mai giram 21 ko 24 ta fi taushi, kuma ko a Olamfik giram 24 ne iyaka. Ta hannu kuwa, ka cire katakon gaba ka girgiza ta, in ka ji tana motsi a mahaɗa ka ajiye. Ka ɗaga bututu a haske ka duba loɓawa da cin tsatsa. Ka duba wuyan katako da kyau, nan ake ɓoye tsagewa da man goge. Ka nemi hatimin gwaji a jikin ƙarfe, domin a can haramun ne sayar da bindigar da ba ta da shi. Wanda ya hana ka gwada ta a fili kafin ka biya, ka bar masa abarsa.

Na gida sun fi muni. Tunda ka yi wannan tambaya a fili, kada ka yi mamaki in wani ya biyo ka ta WhatsApp ya ce yana da bindiga har da takarda. Kada ka amsa masa. A dokar makamai ta Najeriya, lasisin irin wannan bindiga daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ko ta toka ma sai da izinin Kwamishina, kuma ka san halin da ake ciki daga Zuru har Zamfara. In za ka zo hutu, ka zazzage aljihun rigar harbinka da jakarka, kada ko ɓawon harsashi ya biyo ka filin jirgi.

Abin da za ka saya da kuɗinka yanzu biyu ne: tabarau na kariya, da abin toshe kunne na cusawa. Manyan nan masu rufe kunne gaba ɗaya sukan daki gindin bindiga ga mai gajeren wuya, su ɗaga maka kunci daga katako. Sauran kuɗin ka biya mai koyarwa awa guda, ka ce ya fara da gwada maka wane ido ne yake jagora a cikin biyun.