Zaɓen Fentin Bangon Waje: Abin da Mai Gida Zai Duba Kafin Ya Saya

Yawancin masu niyyar yi wa gidansu fenti da hannunsu sukan fara da zaɓen launi, alhali launi ne ya kamata ya zo a ƙarshe. Bangon waje yana shan rana da ruwan sama da ƙura, wani lokaci kuma yana tsotsar danshi daga ƙasa, saboda haka halin da bangon yake ciki shi ne ke nuna irin fentin da zai zauna a kansa.

Fentin ruwa, musamman wanda aka haɗa da sinadarin akirilik, shi ne ya fi dacewa da bangon da aka yi wa filasta da siminti. Yakan bushe cikin awa 1 zuwa 2, ana iya ƙara shafi na biyu bayan kimanin awa 4, kuma da ruwa kawai ake wanke rola da burushi. Babbar fa'idarsa ita ce yana barin danshin da ke cikin bango ya fita a hankali, don haka ba ya saurin kumbura. Sai dai sunan fentin ruwa ya haɗa kaya masu bambancin daraja ƙwarai. Mai araha yawanci alli ne ya yi yawa a cikinsa, sinadarin da ke riƙe shi a bango kuma kaɗan ne, shi ya sa bayan damina ɗaya ko biyu, idan mutum ya shafa tafin hannunsa a bangon, sai ya ga hannun ya yi fari fat kamar ya taɓa gari. Araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta yi daidai, domin wanda zai sake fenti bayan shekara biyu ya fi kashe kuɗi a kan wanda nasa zai kai shida ko bakwai. Wajibi ne a karanta jikin bokitin a tabbatar an rubuta cewa na waje ne, domin na cikin ɗaki ba a yi shi don jure rana ba.

Fentin mai yana da sheƙi da ƙarfi, ana kuma iya wanke shi, abin da ke sa wasu su yi sha'awar shafa shi a bango gaba ɗaya. A ganina wannan kuskure ne. Yana toshe bango ruf, danshi ya rasa mafita, sai fentin ya yi ƙuraje ya riƙa ɓamɓarewa falle-falle. Sannan idan simintin sabo ne, kaifinsa yana cinye man da ke cikin fentin. Wurinsa shi ne ƙofar ƙarfe, tagogi da katako, inda yake kare su daga tsatsa da ruɓewa, da sharaɗin a fara shafa wa ƙarfen fentin share fage mai hana tsatsa, wato wanda ake shafawa kafin ainihin fentin. Fentin mai yana buƙatar awa 16 zuwa 24 kafin a ƙara shafi na biyu.

Fenti mai gurza-gurza, wanda ake haɗawa da yashi mai laushi, yana rufe aibin filastar da ba ta yi sumul ba da ƙananan tsagogi, kuma yana daɗewa. Amma yana cin kaya: litar fentin ruwa takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi, mai gurza-gurza kuwa sau da yawa ba ya kai rabin haka. Ƙura da gansakuka suna maƙalewa a ramukansa, kuma duk ranar da aka gaji da shi, kankare shi aiki ne ja.

Farar ƙasa ba ta da tsada, kuma ita ce ta fi dacewa da bangon laka ko tsohon tubali, domin tana shiga jikin bangon ne maimakon ta yi masa fata. Rauninta shi ne sai an riƙa sabunta ta a kai a kai, kuma tana ƙona fata da ido yayin aiki, don haka safar hannu da tabarau ba abin wasa ba ne.

Kafin a biya kuɗi, a koma a duba bangon da kyau. Idan filastar sabuwa ce, a bar ta ta kai aƙalla kwana 28, sannan a fara da fentin share fage mai jure kaifin siminti. Idan akwai tsohon fenti kuma ba a san irinsa ba, a jiƙa auduga da sifirit a goga a wani lungu: idan launin ya biyo audugar, na ruwa ne, idan bai motsa ba, na mai ne, kuma fentin ruwa ba zai kama a kansa ba sai an goge sheƙin an yi share fage. Farin gishiri-gishirin da ke fitowa a gindin bango alama ce ta ruwa yana hawa daga ƙasa ko bututu yana yoyo, kuma babu fentin da zai magance wannan, komai tsadarsa, sai an toshe hanyar ruwan. Tsohon fentin mai kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ta haramta a fentin gidaje tun 1978 saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a kankare shi a bushe, kuma a nisanta yara daga wurin.

Wajen lissafi, a auna tsawo da faɗin bango a ninka su da juna, a cire na ƙofofi da tagogi, a ninka sau biyu saboda shafi biyu, a raba da murabba'in mitocin da lita ɗaya take rufewa don a san yawan litocin da za a saya, sannan a ɗan ƙara na gyare-gyare. A sayi duka a lokaci ɗaya, a kuma duba lambar haɗi da ke jikin bokitan ta zama iri ɗaya, domin launi mai suna ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan. Launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi kuma ya fi saurin koɗewa a rana, saboda haka yana da kyau a fara sayen ƙaramin gwangwani, a shafa a gefen da rana ta fi bugawa, a dube shi da safe da kuma la'asar kafin a ɗauki manyan bokitai.