Saitin fiba na faɗaɗa Mazda MX-5 ta farko: abin da ke cikin kwalin da aikin da ke jiran mai ɗaurawa

Kayan da ake magana a kansu cikakken saitin fiba ne (zaren gilashi da ake jiƙawa da rezin, wani ruwan roba mai daskarewa) marar sunan kamfani, irin wanda ake sayar wa masu Mazda MX-5 ta farko, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1997, mai fitilun nan da ke ɗagowa idan an kunna su. Guda takwas ne a kwalin: bambar gaba, bambar baya, siket biyu na gefe, sai kumatu huɗu da ake ɗorawa a bakin taya don motar ta ƙara faɗi. A talla ana cewa ɗaurawa kawai za a yi. Ba haka abin yake ba. Abin da ke zuwa rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun fanel bita, kuma wanda bai sa wannan a lissafinsa ba zai ga araha ba ta ado.

Dalilin rashin zamansa daidai yana cikin yadda ake yin sa. Rezin ɗin foliyesta yana ɗan tsukewa idan ya daskare. Irin wannan saiti kuwa ba daga zanen asali ake fitar da shi ba, mazubinsa an ɗauke shi ne daga jikin wani saitin, wani lokaci ma daga kwafin kwafi. Kowane zubi yana cin 'yan milimitoci, kusurwa mai kaifi ta zama dunƙulalliya, kunnen da ake sa noti ya goce daga gurbinsa. Ga ita kanta motar ta kusa shekara 30 ko ta wuce, da wuya a samu wadda ba ta taɓa cin karo ba. Kaya karkatacce ne zai hau jiki karkatacce.

Da an buɗe kwali, a fara juya kowane guda a dubi bayansa. Wanda aka shimfiɗa tabarmar fiba da hannu kaurinsa ɗaya ne, kusan milimita 2 zuwa 3, ana ganin zaren ya jiƙe sosai. Wanda aka fesa da bindiga yana da gashi-gashi, wani wuri kauri kamar katako, wani wuri har hasken tocila na ratsawa. Siket da kumatun wannan saiti na hannu ne, ba laifi. Bambobin ne ke da matsala a kusurwoyi, inda rezin ya taru babu zare, ko kuma zare ya yi fari fat don bai sha rezin ba. Sai a ɗauki gindin sukundireba a bi duk gefuna ana ƙwanƙwasawa. Inda sauti ya fito kamar na fanko, akwai iska a ƙarƙashin jelkot, wato fatar nan mai santsi ta waje wadda kaurinta bai wuce rabin milimita ba. A fasa wurin tun yanzu a cike shi. Idan aka bari, rana ce za ta fasa shi bayan an yi fenti.

Kada a yi gaggawar ɗaurawa. Sabuwar fiba ba ta gama nuna ba, warin da take yi shi ne shaida. A ɗora kayan a jikin motar da tef da matsi, a bar su cikin rana kwana 4 zuwa 7, su gama tsukewarsu a siffar motar. Jingina bamba da bango a wannan lokaci kuskure ne, don a yadda ta lanƙwashe haka za ta zauna. Bayan nan a wanke da sabulu da ruwa, a bi da maganin cire maiƙo, saboda kakin da aka shafa wa mazubi yana nan a jiki. Wanda ya sa samfefa kafin ya wanke ya tura kakin cikin jelkot, fentinsa zai fito da ƙananan ramuka kamar idon kifi.

Bambar gaba ce ta fi cin lokaci. Ta asali roba ce mai lanƙwasuwa, ana iya tausa ta ta shiga gurbi. Fiba ba ta da wannan haƙuri, idan aka ja ta da noti don ta zauna, za ta zauna yau, bayan wata biyu tsaga ta fito daga ramin kamar ƙafar gizo-gizo. Hita ma ba ta taimako sosai, tunda rezin da ya daskare ba ya narkewa kamar roba. Hanyar gyara ita ce a tsaga bayan bambar a inda ta ƙi, a matse ta a jikin motar yadda ake so, sannan a ɗinke tsagar daga baya. A goge gefen tsagar ya yi gangare mai faɗin akalla milimita 30 kowane ɓangare, a share da asiton, a shimfiɗa tabarma mai nauyin giram 450 a kowane murabba'in mita, falle 3, kowane falle ya ɗara na ƙasansa faɗi. Murabba'in mita ɗaya na wannan tabarma yana shan kusan kilo ɗaya na rezin. Maganin daskarwa, MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa: kashi 2 idan da sanyi, kashi 1 idan da zafi, kuma a auna da sirinji, ba da ido ba. In ya yi kaɗan wurin zai zauna da danƙo, in ya yi yawa ya ɗau zafi ya yi gautsi. A dama giram 200 kawai a lokaci guda, don minti 15 zuwa 20 ke gare ka kafin ya fara kamawa. A bi da ƙaramin rola mai tsaga-tsaga har duk farin kumfa ya ɓace.

Ramukan fitilun sigina na bambar sun fito a tsuke, sai an buɗe su da samfefa mai lamba 80. Wannan ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne bakin iska. MX-5 ta farko ba ta da giril a sama, duk iskar lagireto ta wannan baki take shiga. Bambar fiba fanko ce a baya, babu abin da ke tilasta wa iska ta bi ta lagireto, sai ta zille ta gefe da ƙasa. Dole a yanka faranti na alminiyam ko roba a rufe tsakanin bakin da lagireto, a kuma mayar da marfin ƙarƙashin inji. Motar da aka bari haka za ta riƙa ɗaukar zafi a doguwar hanya, mai ita ya yi ta zargin famfon ruwa. Abin kariyar da ke bayan bamba kuma a bar shi a wurinsa ko da sai an rage cikin fibar, don ita fiba fashewa take yi, ba ta tare komai.

Tsakanin bamba da fenda, da bamba da murfin fitila, a nemi tazarar milimita 3 zuwa 5, iri ɗaya hagu da dama. A ɗaga fitilun a sauke su sau da yawa kafin a huda ko rami ɗaya.

Siket ba su da wahala. Sun bi jikin motar da kyau, su ne mafi inganci a saitin. A dai tabbatar ƙofa na buɗewa ba ta goga ba, a bar gurbin jak a buɗe, kuma kada a toshe ramukan fitar ruwa na ƙasan dokin ƙofa. Bambar baya ma ba ta da fitina, sai dai a bar akalla milimita 25 tsakaninta da bakin salansa, a manna takardar kare zafi a ciki, in ba haka ba fenti zai kumbura a wurin.

Kumatu ne wurin da ya kamata mai mota ya tsaya ya yi tunani, domin nan ne babu komawa. Fendar gaba da noti take, ana iya cirewa a sa wata. Ta baya kuwa jikin motar ce. Idan za a sa taya mai faɗi a kuma sauke motar, sai an yanke bakin ƙarfen da ke ƙarƙashin kumatun, in ba haka ba taya za ta riƙa cin sa a kowane rami. Ƙarfen falle biyu ne, na ciki da na waje, yankan yana raba su. Sai a tsattsaga na ciki, a lanƙwaso shi ya haɗu da na waje, a yi walda ɗigo-ɗigo ana barin wuri ya huce, a shafa firaima ta efoksi, a bi da gam ɗin rufe haɗi, a fesa kakin hana tsatsa ta ciki. Wannan mota an san ta da tsatsa daidai nan, a bakin tayar baya da ƙarshen dokin ƙofa, musamman idan magudanan ruwan rumfarta mai naɗewa sun toshe. Ɗora kumatu a kan tsatsa rufa-rufa ce kawai, ruɓar na ci gaba a ɓoye.

Wilin ma sai an canza. Na asali inci 14 ne mai faɗin inci 5.5, ofset +45 (wato nisan wurin ɗaure wilin daga tsakiyar faɗinsa, a milimita), noti 4 a da'irar milimita 100. A ƙarƙashin kumatu zai nutse ciki, motar ta zama kamar yaro a rigar babansa. Wili mai inci 15 da faɗin inci 8 da ofset 0 yana fitowa waje da kusan milimita 77 fiye da na asali. Don haka a fara sa wili da taya, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a danne motar, sannan a ja layin yanka.

Wajen ɗaure kumatun, noti ya fi liƙewa. A manna tef a inda za a huda don jelkot kada ya ɓalle, a fara da ramin milimita 3, a riƙe da ƙusoshin wucin gadi har komai ya daidaita. Daga nan a dasa noti mai ribit M5 a ƙarfe, tazarar milimita 100 zuwa 120, a shafa wa kowane rami firaima kafin a dasa. Ramin da ke jikin fiba ya ɗara ƙusar da milimita 1, da wosha ta roba a ƙarƙashin kai, kuma a ɗaure da hannu. Ƙarfe da fiba ba sa buɗewa daidai da juna a zafi, shi ya sa masu shafe haɗin da bodi fila don ya zama jiki ɗaya ke ganin layi ya fito, daga baya ya tsage. Wanda ya nace sai ya liƙe, ya yi amfani da gam ɗin haɗa fanel mai kashi biyu, ya kuma sani cewa a baƙin fenti layin zai iya bayyana. Robar da ke zuwa a kwalin don gefen kumatu siririya ce, ƙusoshin kuma masu cin ƙarfe da kansu ne, masu saurin tsatsa. Gara a ajiye su a nemi na ƙarfe marar tsatsa.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an ɗaura komai an gamsu an sake kwancewa. A goge jelkot a bushe da lamba 180, ba da ruwa ba, don zaren da ya fito fili yana shan ruwa. Manyan ramuka a cike su da fila mai zaren fiba, bodi fila ta sama kada ta wuce milimita 3. Sai firaima ta efoksi, sai mai kauri sau 2 ko 3, a barbaɗa baƙar hoda a goge da katako da lamba 320 har ƙwari da tudu su ɓace, a ƙarasa da 500 ko 600. Ƙananan ramuka kamar na allura za su fito bayan firaimar farko, a cike su da fila mai laushi, feshi ba ya rufe su. Bayan kayan ma a shafa masa baƙin fenti, ta nan ruwa ke shiga.

Ƙurar fiba tana shiga huhu tana sa ƙaiƙayi, don haka takunkumi mai tace ƙura da tururin sinadari da tabarau da safar hannu wajibi ne, MEKP kuma ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. A wanke jiki da ruwan sanyi bayan guga.

Saitin ya dace da mai motar wasa ko ta tsere, wanda ya iya aikin fiba ko yake da fanel bita mai haƙuri, kuma fendar bayansa dama ta riga ta ci tsatsa za a yanke ta. Mai lafiyayyar mota da ba a taɓa ba, ya tsaya a siket da leɓen bamba na roba, ya bar kumatun a kwali.