Injin walda mai tura waya a Damagaram: aikinsa da kyau, amma gas ne ke yanke hukunci

Injin da nake magana a kansa ƙaramin inbata ne na wutar gida, bolt 220, wanda aka rubuta wa amfiya 200 a goshi. Yana cin naɗin waya mai kilo 1 da mai kilo 5, yana aiki da gas, yana aiki ba gas, kuma yana da gurbin maƙala bageti, wato sandar walda irin wadda kowane mai walda ya saba da ita. Wata bakwai ke nan yana aiki a kan ƙofofi, tagogi, gadaje da kujerun makaranta, ya ga hunturu ya ga bazara, don haka akwai abin faɗa.

A kan ƙarfe marar kauri, wato tol da bututu mai kusurwa huɗu na milimita 1 zuwa 2 da ake ƙofofi da shi, bageti ba ta kama ƙafarsa. Ba ya huda ƙarfe da sauri, ba a tsayawa canza bageti, kuma in da gas ake yi babu kashin walda da za a zauna ana ƙwanƙwasa. Yaron shago da zai yi wata uku kafin hannunsa ya zauna a bageti, a sati biyu yana iya jan layi mai kyan gani da wannan. Sai dai kyan ganin nan shi ne tarkonsa, zan dawo kansa.

Lambar 200 ɗin nan kuwa ta talla ce. Ka juya bayan injin ka karanta farantin da ke manne: a nawa, a ƙarshen ƙarfinsa kashi 30 cikin ɗari aka rubuta. Ma'anarsa, a cikin kowane minti goma, minti uku zai yi yana walda, bakwai yana shan iska. Ana auna wannan ne a zafin digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce haka a inuwa, balle a ƙarƙashin rumfar kwano. A amfiya 90 zuwa 120, inda yawancin aikin ƙofa yake, bai taɓa yankewa ba. In fitilar zafi ta kama, kada a kashe shi, a bar fankarsa ta ci gaba da juyawa har fitilar ta mutu.

Abu biyu da suka zo cikin kwalin ba su da kirki. Maƙalar mas ɗin, wato wadda ake kama ƙarfen aiki da ita don wuta ta zagaya, gwangwani ce kawai, tana zafi tana sakin ƙarfe, kuma mas marar kamu yana sa wuta ta riƙa tsinkewa har mutum ya zargi injin. A saya mata madadi mai haƙoran jan ƙarfe tun ranar farko. Gilashin fuska na riƙewa da hannu shi ma a ajiye shi, domin wannan walda hannu biyu take so. A nemi hula mai duhun lamba 10 ko 11.

Yanzu maganar gas, wadda ita ce ya kamata a fara yi kafin a ciro ko dala. Bageti tana zuwa da rigarta, wato hodar da ke jikinta, ita ke ƙonewa ta kare narkakken ƙarfe daga iska. Wayar wannan inji tsirara take. In ba a lulluɓe wurin da gas ba, iskar da muke shaƙa ta shiga cikin narkakken ƙarfen, sai walda ta fito da ƙananan ramuka kamar gidan rina, ka buga guduma ta ɓalle. Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗin inji ba ce. Ina za ka riƙa cika tukunyar gas, kuma kwana nawa za ta yi a hanya? Wanda zai riƙa aikawa Kano, tafiyar kilomita wajen 240 ce da ƙetare iyaka, to tukunya biyu yake bukata, ɗaya na aiki ɗaya na hanya.

Gas ɗin CO2 zalla shi ne mai araha, kuma a baƙin ƙarfe yana aiki sosai. Yana shiga ƙarfe da zurfi, wanda alheri ne a milimita 3 zuwa sama, amma a tol na milimita 1 yana saurin hudawa. Tartsatsinsa da yawa, za ka ga ƙananan ƙwallayen ƙarfe sun manne a gefen layi, sai an bi da injin gurza. Gaurayen argon da CO2, mai argon kashi 75 zuwa 82, shi ne mai daɗin aiki: wuta a natse, tartsatsi kaɗan, layi a kwance sumul. Na gwada duka biyun a kan bututu ɗaya na milimita 1.5, bambancin a fili yake, amma bai kai a ce mai ƙofofi da tagogi ya riƙa biyan tsadar gauraye ba, tunda fenti zai hau kai. Mai gyaran jikin mota ne gaurayen ya zame wa dole.

Argon zalla na alminiyom ne. In ka sa shi a baƙin ƙarfe, wutar ta riƙa yawo, layin ya taru a tsakiya kamar igiya, gefuna ba su kama ba. Inoks kuma, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, yana son argon mai ɗan CO2 kamar kashi 2. Tukunyar oksijin da masu walda da kabaid ke amfani da ita ba ta da wuri a nan ko kusa, kuma kada a ari agogonta, wato abin da ake ɗaurawa a bakin tukunya mai daidaita fitar gas, a ɗaura wa wata tukunya.

Akwai halin CO2 da ya kamata mutumin Damagaram ya sani. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake, ba iska ba. Shi ya sa dole tukunyar ta tsaya a tsaye, a ɗaure ta da sarƙa a bango, kuma shi ya sa allurar agogo ba ta gaya maka saura nawa: za ta tsaya wuri ɗaya har sai ruwan ya ƙare, sannan ta faɗi lokaci guda ana tsakiyar aiki. Sikeli ne maganin wannan. A auna tukunyar, a cire nauyinta na wofi da aka buga a wuyanta. Kilo ɗaya na CO2 yana ba da lita wajen 540 na gas, wato in kana sakin lita 10 a minti, kusan minti 54 ke nan na wuta a kunne. Sannan zafi: a digiri 20 matsin cikinta bar 57 ne, a digiri 31 ya haura 70, daga nan kuma hawa yake da sauri. Tukunyar da aka bari a rana a bakin titi da azahar hatsari ce, a sa ta a inuwa. Masu dabarar ɗaukar tukunyar kashe gobara su yi walda da ita su sani cewa tana da bututu a ciki mai zuƙo ruwan daga ƙasa, ruwan nan in ya shiga agogo sai ya daskarar da shi ya lalata shi. Kafin ka sayi agogo ma, ka gwada shi a bakin tukunyar da za ka yi aiki da ita, don zaren bakunan ba iri ɗaya ba ne.

Yawan gas da za a saki, ga waya mai kaurin milimita 0.8, lita 8 zuwa 12 a minti ya isa a cikin shago. A daidaita shi ana danne da kunamar bindiga, wato abin riƙewar da waya da gas ke fitowa ta bakinsa, ba a lokacin da gas ke tsaye ba. Kuskuren da kowa ke yi shi ne in ya ga ramuka sai ya buɗe agogo zuwa 20 ko 25. Gas mai fita da ƙarfi haka yana hautsinewa ya jawo iska ciki, ka yi asarar gas kuma ramukan na nan.

Iska ita ce babbar abokiyar gabar wannan inji a garin nan. Yawancin masu walda, daga Sabon Gari har Zango, a bakin hanya suke aiki, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Iskar da ba ta fi ta kaɗa leda ba ta isa ta kwashe gas daga bakin bindiga, balle ta hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Fanka ma in tana hura wurin aikin haka ne. Tol biyu da aka jingina su suka tare ɓangaren gabas da arewa suna gyara abin sosai. In aikin na waje ne, kamar kafa ƙofar gida ko dogon ƙarfen rumfa, a manta da gas, a koma waya mai hoda a ciki.

Wannan waya, wadda za ka ga an rubuta E71T-GS ko E71T-11 a kwalinta, hodarta na cikin cikinta, ita ke kare waldar, iska ba ta dame ta ba. Tana da hayaƙi, tana barin kashi a saman layi, kuma kilonta ya fi na wayar gas tsada. Ga inda mutane ke faɗawa rami: sai an juya igiyoyin wuta. Wayar gas, wato ER70S-6, bindiga a kan + take, mas a kan −. Waya mai hoda kuwa bindiga a kan −, mas a kan +. Wanda ya manta ya juya zai ga tartsatsi kamar ana wasan wuta, layi ya tsaya a sama bai shiga ba, ya ce wayar jabu ce. Riƙon ma ya bambanta. Da gas ana tura bindiga gaba, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15, wayar da ta leƙo daga baki ba ta wuce milimita 10 ba. Da mai hoda ana janyowa ne kamar bageti, a bar wayar ta leƙo milimita 15 ko fiye kaɗan.

Wajen saka waya, ƴar tayar da ke tura ta tana da kwari biyu, kowane da lambarsa a gefe. A tabbatar kwarin 0.8 ne ke kan waya 0.8. Mai santsi na wayar gas ne, mai haƙora na waya mai hoda, don ita ba ta son matsi, tana lotsewa. Ƙaramin bakin jan ƙarfe da ke ƙarshen bindiga shi ma lambarsa ta dace da wayar. A cire shi kafin a zura sabuwar waya, a miƙe igiyar bindiga sosai, kuma a riƙe bakin naɗin da hannu har ya shiga, in ya kuɓuce sai ya warware ya cukurkuɗe kamar taliya. Gwajin matsi mai sauƙi ne: ka nufi katako da bindiga daga nisan santimita 5, wayar ta fito ta lanƙwashe, ka matso dab da katakon, tayar ta zame ba tare da ta murƙushe wayar ba.

Maɓallan biyu ne, bolt da gudun waya, kuma gudun waya shi ne amfiya. Ƙa'idar da ake bi ita ce amfiya wajen 40 ga kowane milimita na kauri. Da waya 0.8, ƙarfen milimita 1.5 yana son bolt 16 zuwa 17 da gudun mita 3 zuwa 3.5 a minti. Na milimita 3 kuma bolt 18 zuwa 19 da mita 6. In CO2 zalla ne a ƙara bolt ɗaya ko biyu. Sauran kunne ne zai gaya maka. In ya daidaita za ka ji ƙara ɗaya ba yankewa, kamar an zuba ƙosai a mai mai zafi. In bindiga na tokarin hannunka tana turo ka baya, waya ta yi yawa ko bolt ya yi kaɗan. In wayar na narkewa tana komawa ta manne a bakin jan ƙarfe, gudun ya yi kaɗan.

Tarkon da na ambata shi ne wannan. Injin zai iya shimfiɗa layi mai kyau a kan ƙarfe mai kauri alhali bai narkar da na ƙasa ba, ya kwanta a kai kawai kamar kitse a kan sanyin kwano. Ido ba ya ganewa. A gatarin amalanke, ko ƙugiyar jan kaya, ko duk abin da ya wuce milimita 5 ko 6 kuma rai zai hau kansa, ban yarda da ƙaramin inji irin wannan da waya 0.8 ba, a maƙala bageti 3.2 a yi aikin. Sabon hannu ya haɗa guntaye biyu, ya ɗaure a bais, ya karya da guduma ya duba ciki. In layin ya ɓare ya bar ƙarfen fes, wutar ba ta shiga ba. Kuma injin ba ya yafe datti yadda bageti ke yi. Tsatsa, fenti da mai, duk sai an gurje har ƙarfe ya yi fari, har da wurin da mas zai kama. Ƙarfen galba, wato mai rufin hana tsatsa, a gurje rufinsa kafin walda, a yi shi a sarari, farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon kai.

Ƙura tana cin wannan inji fiye da na bageti. Tana hawa kan waya, waya ta kai ta cikin hanjin igiyar bindiga, wato siririn bututun da waya ke bi, bayan ƴan makonni tura waya ya fara sarƙewa. Ɗan soso da aka maƙale da abin shanya a kan wayar kafin ta shiga taya yana share ta, kuma duk ƙarshen sati a zare hanjin a hure shi da iskar kwamfuresa. Da damina a cire naɗin a sa a leda in za a kwana biyu ba aiki, waya mai tsatsa ba ta gyaruwa. Wuta mai rauni ma tana nuna kanta nan da nan, tunda ƴar motar lantarki mai tura waya da wutar walda daga wuri ɗaya suke sha: igiyar jawo wuta kada ta gaza 2.5 mm² a kauri, a warware ta duka, in kuma da gurup za a yi aiki a nemi mai kVA 7 zuwa sama mai daidaita wuta.

Wanda zai saya ya haɗo da kayan da ke ƙarewa tun a tafiya ɗaya, don ba kowane mai kayan walda ke ajiye su ba: bakin jan ƙarfe na 0.8 kamar guda ashirin, mazurarin gas na bakin bindiga biyu, hanjin igiya ɗaya na ajiya, da taya mai haƙora in ba ta zo a kwali ba. Ya duba kuma ko bindigar irin mai kwancewa ce daga jikin inji. Tawa a haɗe take da shi, ranar da igiyarta ta mutu sai an buɗe injin gaba ɗaya.